Kifi sun yi wa akwati yawa: tambayoyi da amsoshi kan amoniya da lafiyar ruwa

Akwatin gilashi na kifin ado ya shigo gidajenmu sosai. Ana ganinsa a falo, a ofis, har a shagon aski. Labarin kuma kusan iri ɗaya ne a ko'ina: an sayo akwati da kifi goma sha biyar rana guda, an cika ruwa, an kunna fitila, yara suna ta murna. Kafin kwana goma kifi sun fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ruwa kuwa fes. Waɗannan su ne tambayoyin da masu kiwo suka fi yi mini.

Malam, ruwana garau yake kamar na gora. To me ke kashe mini kifi?

Ido ba ya ganin abin da ke kashe su. Amoniya ba ta da launi, kuma a ɗan adadin da take kisa hanci ma ba ya jin ta. Kifi da kansa yake fitar da ita. Duk abincin da ya ci mai furotin, jikinsa yakan mayar da ragowarsa amoniya, mafi yawanta kuma ba ta kashi take fita ba, ta kunnuwansa take fita, wato jajayen tsokokin nan na gefen kai da yake numfashi da su. Ga kashin da ke ruɓewa a cikin tsakuwa, ga abincin da ya nutse ba a ci ba, ga mataccen kifin da ya maƙale bayan dutse ba wanda ya lura. Duk amoniya suke zama.

A kogi wannan ba komai ba ne, ruwa yana da yawa kuma yana tafiya. A akwati mai lita 50 kifi yana numfashi ne a cikin fitsarinsa. Idan amoniyar ruwan ta yi yawa, ta jikinsa ma ba ta samun hanyar fita, sai ta taru a jini, kunnuwan su ƙone, numfashi ya gagara.

In haka ne, yaya wasu suke shekaru da akwatinsu ba abin da ya same shi?

Domin ba kifi kaɗai suke kiwo ba, har da ƙwayoyin bakteriya, ko sun sani ko ba su sani ba. Akwai rukunin bakteriya, irin su Nitrosomonas, da ke cin amoniya su mayar da ita naitirait. Naitirait ma guba ce. Sai wani rukunin ya karɓa ya mayar da ita naitiret, wadda kifi ke iya jurewa matuƙar ba ta taru da yawa ba. Sunayen biyu sun yi kama, a kula: ta tsakiya, naitirait, ita ce mai kisa, ta ƙarshe, naitiret, ita ce mai sauƙi. An daɗe ana cewa Nitrobacter ce ke wannan aiki na biyu, sai a 1998 binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka ya nuna cewa a akwatin ruwan daɗi Nitrospira ce ke riƙe da aikin.

Abubuwa biyu ya kamata mai kiwo ya riƙe game da waɗannan ƙwayoyi. Na farko, ba a cikin ruwa suke yawo ba, manne suke a jikin soson matata, wato na'urar da ke tace ruwan akwati, da tsakuwa, da duwatsu. Na biyu, ba su da saurin haihuwa. Sabon akwati yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita su iya da dattin kifin da ke ciki. Wanda ya zuba kifi goma sha biyar a ranar farko ya tara masu ɓata ruwa alhali masu gyara shi ba su iso ba. Shi ya sa mutuwar take zuwa a mako na farko zuwa na uku.

Hanya mafi sauri ita ce a roƙi wani mai tsohon akwati mai lafiya ya yanko ɗan soson matatarsa, a kawo shi a jiƙe cikin ruwan akwatinsa, a saka a sabuwar matata. Wannan soson mai kama da ƙazanta ya fi duk wata kwalbar magani da za a saya.

Ta yaya zan gane amoniya ta hau?

Kifi sukan taru a sama suna haki, ko su kwanta a ƙasa sun naɗe fikafikai. Kunnuwa su yi ja sosai, wani lokaci a ga jan zane a wutsiya, su ƙi abinci. Sai dai ƙarancin iska da wasu cututtuka ma haka suke nunawa, don haka alama kaɗai ba ta isa ba, sai an auna.

A nemi kayan gwajin ruwa na ɗigo, irin API Freshwater Master Test Kit, mai auna amoniya da naitirait da naitiret da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wanda lambarsa ke sauka in ruwa ya yi tsami. Na ɗigo ya fi na tsinken takarda gaskiya, kuma yawancin tsinken ma ba ya auna amoniya. Ana zuba ruwa mililita 5 a 'yar kwalba, a ɗiga magani, a girgiza, a jira minti 5. Idan ya tsaya rawaya, lafiya lau. Idan ya karkata zuwa kore, akwai amoniya. Abin da ake nema shi ne amoniya 0, naitirait 0, naitiret ƙasa da miligiram 40 a lita, in ta tsaya wajen 20 ya fi. Na san kuɗinsa ya kan fi na kifin da ke akwatin, shi ya sa mutane ke ja da baya. Amma masu kiwo biyu ko uku za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, yana daɗewa.

Ni da abokina duk awon amoniya ya nuna mana 1. Nawa suna mutuwa, nasa suna wasa. Me ya bambanta mu?

Wannan tambayar ita ce zuciyar lamarin. Amoniya a ruwa kashi biyu take. Akwai wadda ake rubutawa NH3, ita ce gubar, tana ratsa kunnen kifi kai tsaye. Akwai NH4, wadda ake kira amoniyom, cutarwarta kaɗan ce. Kayan gwaji yana haɗa su ne ya ba da jimilla. Abin da ke raba wa kowacce kasonta shi ne pH da zafin ruwa.

A ruwa mai zafin digiri 25, idan pH 7 ne, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, wajen 0.6 take. Idan pH ya kai 8, ta zama wajen kashi 5. Idan ya kai 9, ta haura kashi 35. Wato daga 7 zuwa 8 guba ta ninka kusan sau goma alhali awo bai motsa ba. Zafi ma yana ƙara ta: a pH 8 da digiri 30 takan kai wajen kashi 7 da rabi. Kifi kuwa yana fara shan wahala tun NH3 tana tsakanin miligiram 0.02 da 0.05 a lita. To lissafa. Abokinka mai pH 7 gubarsa 0.006 ce. Kai in naka pH 8 ne kuma ana tsakiyar bazara, taka 0.075 ce. Ga bambancin nan.

Saboda haka watannin Maris, Afrilu da Mayu su ne mafi hatsari ga akwati mai cunkoso a ƙasarmu. Zafi yana ƙara gubar, yana sa kifi ci da kashi da yawa, sannan yana rage iskar da ruwa ke riƙewa: ruwa mai digiri 20 yana ɗaukar oksijin wajen miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa wajen 7.5. A janye akwati daga jikin taga, a buɗe murfi, a sa fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan.

Wani gargaɗi da nake yi da babbar murya: kada a jefa kanwa a akwati da sunan gyara ruwa. Kanwa tana ɗaga pH da ƙarfi. A ruwan da ke da amoniya, wannan daidai yake da mayar da amoniyom mai sauƙi ta koma guba cikin mintuna.

Yanzu haka kifina suna sama suna haki. Me zan yi yau, ba gobe ba?

Canza rabin ruwan yanzu. Lissafinsa a fili yake: in amoniya 2 ce, cire rabi ya mayar da ita 1, in aka sake bayan wasu awoyi ta koma 0.5. Sabon ruwan ya zama babu kulorin a ciki, wato maganin da ake sa wa ruwan famfo, kuma zafinsa ya yi kusa da na akwatin; a taɓa da hannu in babu ma'auni. A zuba a hankali. A yi amfani da tiyo a zuƙo dattin da ke cikin tsakuwa yayin fitar da ruwan, a duba bayan duwatsu ko akwai gawa.

Daga nan a daina ba da abinci kwana biyu ko uku. Babban kifi mai lafiya ba ya mutuwa don yunwar kwana uku. A ƙara iska, ko da famfon iska ko da ɗaga bakin matata ya riƙa fasa saman ruwa. In akwai maganin gyara ruwa Seachem Prime ko makamancinsa a sa bisa ƙa'idar kwalba, yana sassauta gubar na kwana ɗaya zuwa biyu, amma ba ya fitar da ita, canjin ruwa ne ke fitarwa. A ci gaba da awo da canji kullum har amoniya da naitirait su koma 0.

Abin da ba za a yi ba shi ne a kwashe kifi a bokiti, a zubar da ruwa duka, a wanke gilashi da tsakuwa da omo a shanya a rana. Niyyar tana da kyau, amma an kashe bakteriyar gaba ɗaya, an koma ranar farko. Ragowar omo kuma ita kanta guba ce.

Wane ruwa zan zuba: na famfo, na burtsatse, ko na rijiya?

Kowanne yana da halinsa. Ruwan famfo na hukuma ana sa masa kulorin, shi kuwa yana ƙona kunnen kifi yana kashe bakteriyar matata. A tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni, ko a ɗiga maganin cire kulorin, wanda ya fi tabbas, domin akwai nau'in da ake kira kuloramin da ba ya tashi don an ajiye ruwa.

Ruwan burtsatse babu kulorin, amma yana fitowa da ƙarancin oksijin, wani da ƙarfe a ciki, za ka ga ya yi ja-ja bayan ya kwana. Shi ma a bar shi ya sha iska. Rijiyar cikin gari da ke kusa da masai ko kwata takan zo da naitiret, wani lokaci har da amoniya. Don haka a auna ruwan da ake zubawa shi ma. Na taɓa ganin mai kiwo yana canza ruwa kullum awo ya ƙi sauka, ashe daga rijiyarsa matsalar take.

In daga wajen 'yan garuwa ake saye, a san jarkar. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ko maganin feshi ba ta da amfani a nan. A ware bokiti ɗaya da tiyo ɗaya na kifi kaɗai, a gaya wa mutanen gida kada a yi wanki da su.

Yara suna son ba su abinci, kifin kuma kullum kamar suna jin yunwa. Nawa ya isa?

Hajiya, kifi ba ya cewa ya ƙoshi, musamman golfish. Masu kiwon kifi na kasuwa suna da wani ƙiyasi: kilo 1 na abinci yana haifar da amoniya wajen giram 30. A mayar da shi ƙaramin awo, giram 1 na abinci ya ba da miligiram 30. A akwati mai lita 60, wannan ya isa ya ɗaga amoniya da 0.5 a rana guda in babu bakteriyar da za ta cinye. Giram 1 kuwa bai cika ƙaramin cokali ba. In yara uku kowanne ya barbaɗa nasa, sai a lissafa.

A ba su sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti 2, a kwashe saura. A ware rana ɗaya a mako ba abinci. A ɗora gwangwanin a inda hannun yara ba ya kai, a auna na ranar a ba yaro ɗaya ya zuba, gobe wani. Lokacin hunturu, da ruwa ya yi sanyi, cin kifi yana raguwa, aikin bakteriya ma yana raguwa, sai a ƙara rage hannu. Burodi da tuwo da shinkafa ba nasu ba ne.

Soson matatata ya yi baƙi. In wanke ko in sayi sabo?

Kada a sayi sabo sai ya fara rugujewa. A ɗebi ruwan akwati a bokiti, a matse soson a ciki sau uku ko huɗu don laka ta fita, a mayar. Kada a kai shi bakin famfo. In dole sai an canza, a canza rabi, a bar rabi ya yi wata guda tare da sabon. A akwati mai cunkoso ma ya fi kyau a sa matata biyu, a riƙa wanke su a makonni dabam-dabam.

Matsalarmu wuta. In NEPA ta ɗauke na awa goma fa?

Wannan ita ce jarrabawar mai kiwon kifi a nan, kuma akwati mai cunkoso shi ya fi saurin faɗuwa. Bakteriyar nan masu shan iska ne sosai: kafin su sarrafa giram 1 na naitirojin ɗin amoniya sai sun sha oksijin wajen giram 4.6. Da wuta ta tafi, kifi da bakteriya suna rububin 'yar iskar da ta rage. Matatar da take a rufe kamar gwangwani ita ta fi lalacewa, cikin 'yan awoyi iskar cikinta ta ƙare. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a buɗe ta a zubar da ruwan da ya kwanta a ciki kafin a kunna. In ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, kada wannan ruwan ya shiga akwati.

Shawarata ga duk wanda ba shi da sola ita ce matatar soso mai aiki da famfon iska. Tana cikin ruwa tsamo-tsamo, ba ta da tsada, kuma akwai ƙananan famfunan iska masu batir ko masu jona USB da fawa bank ɗin waya ke iya riƙewa dare guda. In babu ko ɗaya, a ɗebi ruwan akwatin da kofi a riƙa kwararo shi daga sama na 'yan mintuna, a maimaita lokaci-lokaci. Ranar da babu wuta, babu abinci.

Ai tarwada ana cusa ɗaruruwa a tanki ɗaya suna rayuwa. Me ya sa na ado ba za su iya ba?

Tarwada tana da wata gaɓa a saman kunnuwanta da take shaƙar iskar sarari da ita, kuma tana da juriyar amoniya fiye da yawancin kifaye. Duk da haka ka tambayi mai kiwonta sau nawa yake sauya ruwa. Wasu kullum ne. Golfish da gupi da moli ba su da wannan gaɓar.

To kifi nawa akwatina zai ɗauka? An ce mini kifi daidai girman akwatinsa yake girma.

Fara da sanin litarka. Auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1000. Akwati mai 60 da 30 da 30 lita 54 ne, in an cire tsakuwa da ɗan sararin sama ya koma wajen 45, bai kai jarka biyu ba. Irin wannan zai riƙe ƙananan kifi kamar gupi shida zuwa takwas cikin kwanciyar hankali. Golfish kuwa, ko ɗaya ne, akwatin ya yi masa kaɗan in ya girma.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne duk kifin da ke shago jarirai ne. Golfish na gama-gari yana kai santimita 20 zuwa 30. Oska yana kai 30. Fleko, wanda ake sayarwa da sunan mai share gilashi, yana wuce 30, kuma kashinsa ya fi abin da yake sharewa. Koi kifin tafki ne, yana haura santimita 60, ba shi da wurin zama a akwatin falo. Gupi ba ya girma amma macen tana haihuwa kusan kowane wata, shida su zama sittin.

Maganar cewa kifi yana tsayawa daidai akwatinsa kuwa, abin da ake gani tsumburewa ce. Mugun ruwa da matsi ne suka hana shi girma, kamar yaron da tamowa ta kama. Golfish da ya samu kulawa yana shekara 10 zuwa sama, wanda aka tsumburar ba ya kai ko kusa. Dabbar da ka tsare ba ta da wata hanya sai abin da ka yi mata, haƙƙinta yana wuyanka.

Tsirrai da gishiri da farin dutsen nan da ake sayarwa, suna taimakawa?

Tsirrai suna taimakawa ƙwarai, musamman masu saurin girma, domin amoniya da naitiret taki ne a wajensu. Kainuwa ta kududdufi tana cikin mafi iya wannan aiki, in ta samu haske. Sai dai kada a ɗebo ta a jefa kai tsaye, takan zo da matsattsaku da ƙwan kwari. A wanke ta a ajiye a bokiti dabam mako biyu. Kada kuma a bari ta rufe saman ruwa duka, golfish ma sukan cinye saiwarta. Furen nan mai yaɗo da ake kira fotos, in aka tsoma saiwarsa a ruwa aka bar ganyen a waje, shi ma yana aiki.

Gishiri ba ya yi wa amoniya komai. Amfaninsa a kan naitirait ne, wadda ke shiga jini ta hana shi ɗaukar oksijin har ya koma ruwan ƙasa. Sinadarin kulorayid na gishiri yana tare mata hanya a kunnen kifi, kuma kaɗan ake buƙata: in naitirait 1 ce, giram 2 a lita 100 ya wadatar. Farin dutsen kuwa ziyolait ne, yana tsotse amoniya har ya cika. Yana da amfani a lokacin gaggawa, amma kada a haɗa shi da gishiri, domin gishiri yana sa shi ya sako abin da ya tsotsa.

A kula da magungunan cuta. Maganin kashe bakteriya da shuɗin maganin nan metilin bulu ba sa bambance mai cutarwa da mai amfani. Kifin da ba shi da lafiya a yi masa magani a wani mazubi dabam.

Muna fesa maganin sauro da daddare. Akwai matsala?

Akwai, babba. Maganin feshi da fiya-fiya suna kashe kifi ko da kaɗan ne. A kashe famfon iska, a rufe akwati da jiƙaƙƙen tawul, sai ɗaki ya sha iska a buɗe a kunna.

Akwatina ya shekara biyu, ruwa kawai nake ƙarawa in ya ragu. Me ya sa duk sabon kifin da na saka yake mutuwa?

Ƙari ba canji ba ne. Ruwan da ya tashi a iska, musamman da hunturu, shi kaɗai yake tafiya, ya bar naitiret da sauran datti suna ta taruwa. Bayan haka aikin bakteriya yana cinye sinadaran da ke riƙe pH, a hankali ruwan ya yi tsami. In pH ya faɗo wajen 6 bakteriya sukan yi sanyi, amoniya ta fara taruwa, amma da yake ruwan mai tsami ne sai ta zauna a matsayin amoniyom. Tsofaffin kifin sun saba a hankali, baƙo kuwa ba ya jurewa.

A nan kaɗai nake hana babban canji lokaci guda. In ka zuba rabin akwati na sabon ruwa mai pH 8, ka ɗaga pH ka tayar da gubar da ke kwance. A riƙa canza kashi 10 cikin 100 kullum na mako biyu, ana awo. In ya daidaita, a koma canza kashi 25 zuwa 30 kowane mako, akwati mai cunkoso kuwa sau biyu a mako.

Gaskiya ba na son rabuwa da ko ɗaya daga cikinsu. Babu wata dabara?

Matata biyu, iska mai yawa, abinci kaɗan, kainuwa, da canjin ruwa sau biyu a mako za su iya riƙe akwati mai cunkoso na wani lokaci. Amma kifin suna girma, dattinsu yana ƙaruwa, kuma rana ɗaya da wuta ta ƙi dawowa ko ka yi tafiya ta isa ta kwashe su duka. In kana son su, ka ba su wuri. Ba dole sai gilashi ba: sabuwar babbar robar ruwa ko tankin roba da aka yanke samansa, a inuwa a tsakar gida, da matatar soso da raga a kai saboda kyanwa, ya fi wa golfish da koi daɗi nesa ba kusa ba. Ko ka mayar wa mai shago da manyan ya musanya maka da ƙanana, ko ka ba wani mai babban akwati. Kada dai a kai su kogi ko dam a saka, domin baƙon kifi irin fleko in ya samu wuri yana yaɗuwa ya takura wa karfasa da sauran kifin gida da masunta ke ci da su.